Lallashi ko dole: wacce za ta sa dibelofa ya bar wa talaka ɗaki a Legas?

Duk wanda ya fita neman haya a Legas cikin shekarun nan ya san ba rashin gini ne ke damun garin nan ba. Gini kam ana yi, ka bi ta Lekki zuwa Ajah ko ka leƙa Yaba da Surulere da Ikeja, duk inda ka waiga rodi ne da bulo da motar kankare ta tare hanya. Maganar ita ce wa ake gina wa. Tsohon gida mai ɗaki goma sha biyu irin fes-mi-ai-fes-yu ɗin nan a Agege ko Idi-Araba, wanda ya ɗauki mai shayi da direba da ɗan dako da iyalansu shekara da shekaru, mai gidan ya rasu, magada su ba dibelofa, wato ɗan kasuwar da ke gina gidaje don riba, a rushe a tada bene mai filat takwas, kuma cikin duk waɗanda aka ba kwit notis ko mutum ɗaya ba zai iya komawa ciki ba. Sai ka ji wane ya koma Sango Ota, wane ya koma Mowe, wane ya tura iyali gida shi yana kwana a shago.

Manyan biranen duniya sun daɗe suna fama da wannan, kuma hanyoyin da suke bi kusan biyu ne. Ko gwamnati ta lallashi mai gini da garaɓasa, ta ce in ka ware wasu ɗakuna ka bayar da araha zan ƙara maka hawa ko in sauƙaƙa maka takardu, in baka so kuma babu tilas. Ko ta ɗaure shi da doka, ta ce duk ginin da ya kai girma kaza sai an ware kaso kaza, in ba haka ba babu izini. Mu da muke zaune a nan, ko kana haya ko kana da ɗan gidan gado a Zangon Agege, gara mu san wacce za mu goya wa baya tun kafin a kira taron unguwa ko jin ra'ayin jama'a a Alausa, mazaunin gwamnatin jihar, ko 'yan siyasa su cika fadar Sarkin Hausawa suna zuba alƙawarin gidaje mu kuma muna tafi.

Bari na fara da ta lallashin don ita ta fi daɗin ji. Kowane fili a takarda yana da iyaka: hawa nawa za ka yi, nawa daga cikin filin za ka rufe da gini, taku nawa za ka ja baya daga titi da katangar maƙwabci, wurin fakin mota nawa za ka bari. A Legas hukumar LASPPPA ce ke ba da izinin gini, LASBCA kuma ita ke bin aikin ta ga an yi yadda aka zana, dukansu a ƙarƙashin dokar tsara birni ta 2010. To garaɓasar a cikin wannan iyakar take. Gwamnati ba ta fitar da ko kwabo daga aljihunta, sarari take sayarwa, iskar da ke saman rufinka, kuma kuɗin da take karɓa shi ne ɗakuna masu araha.

Mu yi lissafi da lambobin misali, ba farashin kasuwa ba ne, don a ga yadda kan dibelofa ke aiki ne kawai. A ce filinka filat 20 doka ta yarda ka yi. Gwamnati ta ce yi 26, amma 4 na masu ƙaramin ƙarfi ne. Kaga na kasuwa sun tashi daga 20 zuwa 22, ƙarin biyu kenan, amma sai ka gina ƙarin shida kafin ka ci ribar biyun. In gina filat ɗaya miliyan 30 ne, shida sun ci miliyan 180. A unguwar da filat ke tashi miliyan 150, biyun nan sun kawo miliyan 300, ko kyauta ya bayar da huɗun yana da rarar miliyan 120, ba sai an roƙe shi ba, da gudu zai zo. A unguwar da filat ke tashi miliyan 45 kuwa, biyun miliyan 90 kawai suka kawo, ya kashe 180, sai ya jira 'yar hayar huɗun nan ta cike masa ramin miliyan 90, wanda ko jikansa ba lallai ya gani ba. Zai ce maka na gode Alhaji, riƙe garaɓasarka.

Wannan ɗan lissafin shi ne kusan duk labarin tsarin lallashi. Yana tafiya ne a inda ƙasa ke da tsada sosai, yana mutuwa a inda talaka yake zaune. Niyok ta gwada tun 1987 a wasu unguwannin Manhattan masu dogayen gine-gine, a 2005 ta faɗaɗa shi zuwa wurare irin Williamsburg da Hudson Yards, inda mai gini ke samun ƙarin kusan kashi 33 cikin 100 na faɗin gini in ya ware kashi 20 cikin 100. Daga 2005 zuwa 2013 gidajen araha da aka samu ta nan ba su kai 3,000 ba, a garin da ke da mutum sama da miliyan 8, kuma yawancinsu a 'yan unguwannin da kasuwa ke ci ne, inda aka haɗa wa masu ginin da rangwamen haraji a kai. Sauran wuraren masu gini suka kau da kai suka yi ginin su yadda suka saba. Shi ya sa a 2016, zamanin magajin gari Bill de Blasio, suka koma dole: duk unguwar da aka canza wa tsari aka ƙara mata tsawo, sai an ware kashi 25 ko 30 cikin 100, ya danganta da zaɓin da aka ɗauka. Abun mamaki kuma ba su yar da lallashin ba, a Disambar 2024 suka sake fito da wani sabo mai ba da ƙarin kashi 20 cikin 100 in ƙarin na araha ne. Wato bayan kusan shekara arba'in suna gwaji, duka biyun suke riƙe da su, kowacce da wurinta.

Kalifoniya ita tun 1979 take da dokar ƙarin gini, kuma abun da ya burge ni a tata shi ne dole ɗin a kan gwamnatin gari yake, ba a kan mai gini ba. In ya cika sharaɗi, jami'i ba shi da ikon cewa sai na duba, sai ya ba shi. Yanzu ƙarin na iya kaiwa kashi 50 cikin 100 ko ma fiye, har da rage masa wurin fakin. Ku riƙe wannan, don a Legas duk abin da aka bar wa jami'i ya ga dama, an buɗe masa shago ne.

Tsarin dole kuma, wanda aka fi kafa misali da shi shi ne na gundumar Montgomery a jihar Maryland, kusa da Washington, tun 1974. Duk babban rukunin gidaje sai an ware kashi 12.5 zuwa 15 cikin 100, kuma ana ba mai ginin ƙarin yawa har kashi 22 cikin 100 don a rage masa zafi. Sun samu gidaje sama da 12,000 ta wannan hanyar, a warwatse cikin unguwannin masu hali, 'ya'yan talaka suna makaranta ɗaya da 'ya'yan manya. Ingila tana da nata a sashe na 106 na dokar tsara gari ta 1990, inda ƙaramar hukuma ke ɗaure mai gini da yarjejeniya kafin ta sa hannu. A nahiyarmu ma Johannesburg ta fito da nata a 2019: ginin da ya kai gida 20 ko fiye, kashi 30 cikin 100. Kaga ko su masu dolen ba sa yin dole tsurarta, kusan kullum akwai ɗan abin lallashi a gefe.

Amma dole ma tana da ramukanta. Portland a Amurka ta sa doka a farkon 2017 kan gini mai gida 20 zuwa sama, masu gini suka yi rububin shigar da takardu kafin ranar ta zo, bayan nan wasu suka koma yin gini mai gida 19. A Landan kuwa dabarar ita ce mai gini ya kawo lissafi ya ce in na cika kason nan aikin ba zai biya ba, sai a zauna a rage masa. Aikin tsohuwar tashar wuta ta Battersea an yi alƙawarin gida 636 na araha, a 2017 aka sauko da shi 386. In turawa da lauyoyinsu da 'yan jaridarsu an yi musu haka, ina ga nan.

Akwai kuma abin da mai fili ya kamata ya sani, don na san cikin masu karanta wannan akwai waɗanda iyayensu suka zo Agege tun zamanin fataucin goro da shanu suka bar musu gida. In aka sa dole ba tare da garaɓasa ba, dibelofa ba zai cire asarar daga ribarsa ba, kuma ba zai iya ɗora wa mai saye fiye da abin da kasuwa za ta ɗauka ba, to a kuɗin fili zai huce. Wanda zai taya filinka miliyan 100 sai ya taya 85. A tsarin lallashi kuwa akasin haka ne, filin da aka ƙara wa hawa darajarsa tashi take yi. Don haka in ka ji mai gida na son lallashi ɗan haya na son dole, kowa aljihunsa yake kallo, ba wanda ya fi wani tsoron Allah.

To yanzu mu dawo gida, don duk waɗancan garuruwan suna da abu ɗaya da mu muke da ƙarancinsa. A can in an ce hawa huɗu, huɗu ne. Ƙarin hawa yana da daraja ne saboda ba ta yadda za ka same shi sai ta ƙofar gwamnati. A Legas kowa ya san yadda ake yi: a amince maka hawa uku, ka zuba dekin na huɗu ranar Lahadi, a zo a shafa jan fenti a bango, a yi magana a bayan mota, aiki ya ci gaba. Wa zai yarda ya ɗaure kansa da filat huɗu na araha shekara talatin don ya samu abin da zai iya samu da ambulan guda? Garaɓasar gwamnati tana gasa ne da cin hanci, kuma cin hanci ya fi ta araha nesa ba kusa ba. Nan ne tsarin lallashi irin na Niyok zai fara tuntuɓe in an kwafo shi yadda yake.

Kuma ƙarin hawa a garin nan ba wasa ba ne. Ba mu manta benen Ita Faji da ya rufta a Maris 2019 da makarantar yara a samansa ba, ba mu manta mai hawa 21 na titin Gerrard a Ikoyi da ya zube ranar 1 ga Nuwamba 2021 ya kashe mutum sama da 40 ba, wanda har aka yi ta jayayya kan hawa nawa aka amince masa tun farko. Rabin garin nan fadama ne da yashin da aka cike, in za ka hau sama sai an kafa harsashi mai zurfi, kuɗinsa kaɗai ya isa ya gina wani gidan a Kano. Da ka wuce hawa huɗu ko biyar kuma maganar lif ta shigo, lif kuma sai wuta, wuta kuma sai janareto da dizal, duk wannan a kan sabis caj zai sauka, wato kuɗin hidimar gida da mazauna ke biya bayan haya. Wato ita kanta kyautar tana da nauyi.

Shi ya sa ni a ganina in Legas za ta yi lallashi, ba da hawa za ta fara ba, da lokaci za ta fara. Kuɗin ruwan babban banki ya kai kashi 27.5 cikin 100 a ƙarshen 2024, mai gini da ya ci bashin banki a lokacin kusan 30 yake biya. A ce ya ciwo miliyan 500, ruwan shekara miliyan 150 ne, duk wata miliyan 12.5 yana zaune ko bulo ɗaya bai ɗora ba. Fayil ɗinsa ya yi wata shida yana yawo daga tebur zuwa tebur, miliyan 75 ta tafi a banza, ga siminti da rodi ba sa jiran kowa tun da aka saki naira a Yunin 2023. In gwamnati ta ce duk wanda ya ware kaso kaza, izininsa zai fito cikin kwana kaza a rubuce, in bai fito ba a ɗauka an amince, wallahi wannan ya fi masa ƙarin hawa biyu. Haka takardar mallaka da sa hannun gwamna, wanda dokar filaye ta 1978 ta wajabta a duk cinikin fili, haka rage kuɗaɗen da ake biya kafin a fara aiki, haka kare shi daga omo-onile, masu cewa filin na kakanninsu ne, da ke zuwa karɓar kuɗin harsashi da kuɗin dekin da kuɗin rufi duk da dokar da aka yi musu a 2016. Waɗannan su ne abubuwan da ke hana dibelofan Legas barci, kuma kyawunsu shi ne suna da daraja a Agege kamar yadda suke da ita a Ikoyi, ba kamar ƙarin hawa ba.

Sai fakin. Wannan ƙaramar magana ce a baki amma babba ce a fili. Wurin ajiye mota ɗaya da hanyar juyawarta ya kusa cin faɗin selfkon guda, wato ɗaki ɗaya mai banɗakinsa da wurin girki. Mutumin da ake gina wa ɗakin araha ba shi da mota. Jan layin jirgin ƙasa daga Agbado zuwa Oyingbo ya fara aiki a 2024, yana tsayawa Iju, Agege, Ikeja, Oshodi, Mushin da Yaba, shuɗin layi kuma daga Marina zuwa Mile 2 tun Satumbar 2023, ga BRT daga Ikorodu ta Mile 12 zuwa CMS. Duk filin da ke tafiyar ƙafa daga waɗannan tashoshin, a ce wa mai gini ba sai ka bar fakin ba in za ka yi ƙananan ɗakuna. Ba ta ci gwamnati komai ba, ba ta ƙara wa harsashi nauyi ba, kuma ta faɗo daidai kan unguwannin da mutanenmu suka fi yawa.

Yanzu ga tambayar da duk tsarin biyun ke son su tsallake: araha ga wa? A Amurka suna auna shi da matsakaicin samun mutanen yankin, suna cewa kada haya ta wuce kashi 30 cikin 100 na abin da mutum ke samu. Mu gwada a nan. Mafi ƙarancin albashin da jihar Legas ta sa a 2024 naira 85,000 ne, kashi 30 ɗinsa 25,500 a wata, 306,000 a shekara. Ɗauki wannan lambar ka je wurin ejan ka ce kana neman sabon gini, ka ga irin kallon da zai maka, tun ba a zo maganar agrimen da kamasho da koshan ba. In doka ta ce araha shi ne kashi 20 ƙasa da farashin kasuwa, to filat ɗin miliyan 5 a shekara ya koma miliyan 4, an taimaki ma'aikacin banki, Allah ya sanya alheri, amma mai gadi da mai yankan farce da mai tura baro a Mile 12 ba su san an yi ba. Dole a rubuta araha da naira a jikin samun mutane, ba a jikin farashin maƙwabta ba. Kuma a rubuta irin ɗakin. Mu abin da muka fi nema ɗaki ɗaya ne mai banɗaki da ɗan wurin girki, ko ciki da falo, ba filat mai ɗaki uku da aka rage wa kuɗi ba. Filat ɗaya babba in aka yanka shi zai fitar da selfkon uku ko huɗu, don haka a ƙirga da faɗin gini, kada a ƙirga da yawan ƙofofi.

Sai wa zai shiga. Nan ne nake so 'yan'uwa su buɗe kunne sosai. Shirin gidajen gwamnatin jiha na LagosHOMS da aka fara a 2014 zamanin Fashola, da na haya-har-ka-mallaka da ya biyo baya a 2016 zamanin Ambode, inda kake ajiye kashi 5 cikin 100 ka biya saura cikin shekara 10, duk suna neman katin zama ɗan jiha na LASRRA da shaidar biyan haraji da shaidar samun kuɗi a kai a kai. Asusun gidaje na tarayya ma, wanda ake cire kashi 2.5 cikin 100 tun 1992, da mai albashi aka gina shi a zuciya. Dillalin tumatir da ke juya miliyoyi a sati amma rabin cinikinsa a hannu ne, ko mahauci a Oko-Oba, ko ɗan canji, ba shi da takardar albashi ko ɗaya. Ga kuma waɗanda ko an ba su ba za su taɓa abin da ke da kuɗin ruwa ba. In ba a yarda da tarihin asusun banki ko na POS ko shaidar ƙungiyar kasuwa mai rajista a madadin takardar albashi ba, to ko lallashi aka yi ko dole, mu a bakin get za mu tsaya. Kuma a nan tsarin lallashi ya fi haɗari in aka bar wa mai gini ya zaɓi 'yan hayarsa da kansa, don ba sabon abu ba ne ka gama ciniki a waya lafiya lau, ka je a ji sunanka ko a ga hularka a ce ai yanzun nan wani ya biya. Ƙuri'a a bainar jama'a, da lissafin sunaye da kowa zai iya gani, shi ne kaɗai maganin wannan. Mu kuma namu aikin, wanda bai yi katin LASRRA ba ya je ya yi, ba wanda zai ba ka gida a garin da takarda ta ce ba ka ciki.

Shekara nawa arahar za ta yi? Montgomery da farko shekara biyar kawai suka sa, daga baya goma, suka wayi gari dubban gidajen sun fita daga tsarin sun koma farashin kasuwa, sai a 2005 suka mayar da shi shekara 30 ga na sayarwa, 99 ga na haya. Ƙarin hawan da aka ba mai gini har abada ne, to me zai sa arahar ta zama ta shekara biyar? Sannan sabis caj, in haya 300,000 ce amma kuɗin dizal da gadi da shara miliyan ɗaya, an kore ka ba tare da an ce ka fita ba. Niyok har ƙofar talaka daban aka taɓa yi a wani dogon gini, masu kuɗi ta gaba masu araha ta lungu, sai da aka yi surutu aka toshe wannan a 2015. Ni ƙofar ba ta dame ni kamar caj ɗin ba, gaskiya in bene daban mara lif a fili ɗaya zai sa kuɗin ya sauko, a yi hakan.

Abu ɗaya da zan ce a ƙi shi kai tsaye, ko a wane tsari ya zo, shi ne mai gini ya biya kuɗi a madadin ɗakunan. Garuruwa da yawa suna yarda da wannan, a zuba a asusu a ce za a gina a wani wuri. A nan ba wa kura ajiyar nama ne. Ko da an gina ɗin ma, a Epe ko Badagry ko can cikin Igbogbo za a kai, mutumin da aikinsa ke Obalende ko Apapa ya ƙarar da abin da ya rage a kuɗin mota da awa huɗu a go-sulo.

Wasu za su ce duk a bar wannan, gwamnati ta gina da kanta kamar tsohon gwamna Jakande, wanda ake kira Baba Kekere. Gaskiya ne tsakanin 1979 da 1983 Baba Kekere ya zuba dubban gidaje a Amuwo-Odofin da Iponri da Abesan da Isolo da sauransu, har yau mutane na ciki. Amma lokacin fili na nan birjik a kusa, yau babu, kuma abin da gwamnati ta fi yi yanzu shi ne haɗin gwiwa, ita ta kawo fili ɗan kasuwa ya kawo kuɗi a raba gidajen. To ai nan ne dole ta fi dacewa, kuma nan ne ba wanda zai ce an zalunce shi. Filin gwamnati ne, ko yashin da aka cike a lagun da izininta, ko unguwar da aka tasa. Maroko da aka rushe a Yulin 1990 aka watsa mutum wajen 300,000, je ka ga abin da ke wurin yau ka nemo min ɗaki ɗaya da tsohon ɗan Maroko zai iya kamawa. Duk inda ƙasar jama'a ce aka miƙa wa ɗan kasuwa, kason araha ya shiga cikin takardar filin tun ranar farko, in ya saɓa a karɓe. Ba a lallashin mutum da abin da kai ka ba shi.

A filin mutane kuwa, musamman ƙananan filaye na Agege da Mushin da Ebute Metta da Idi-Araba, ina tare da lallashi, amma irin wanda na faɗa: saurin izini, sa hannun gwamna, rage kuɗin takardu, cire fakin kusa da tasha, ƙarin hawa ɗaya ko biyu kawai bayan gwajin ƙasa. In ka sa wa mai filat takwas dole, ba zai je neman izinin ba ma gaba ɗaya, ka ƙara yawan ginin da ba wanda ya duba rodinsa. Mun ga dokar haya ta 2011 da ta hana karɓar fiye da kuɗin shekara ɗaya daga sabon ɗan haya, ta ma cire Ikoyi da Victoria Island da Apapa da Ikeja GRA daga ciki, kuma har gobe akwai masu cewa shekara biyu ko ka kama gabanka. Manyan rukunai masu gida hamsin ko ɗari su ne ba sa iya ɓuya, suna buƙatar banki, banki kuma na buƙatar takarda, su za a iya ɗaurewa da kaso, a haɗa musu da garaɓasa kamar yadda Montgomery da Johannesburg suka yi.

Kai kuma mai gidan gado da dibelofa ke zarya wurinka da maganar ya gina ya ci shekara 15 ko 20 ya mayar maka, ba sai ka jira Alausa ba. Irin wannan cinikin kai ne gwamnatin. Kana iya ƙara masa shekara biyu ko uku a wa'adin, shi kuma ya fitar da ɗakuna huɗu ko shida a ƙasa waɗanda kai za ka riƙe ka sa tsofaffin 'yan hayarka a kuɗin da kuka yanka. A rubuta faɗin kowane ɗaki da mita, a rubuta cewa mitar wutarsu daban ce kuma ba sa cikin kuɗin janareto, a rubuta hawa nawa aka amince kuma kai ma ka riƙe kwafin izinin a hannunka, duk magada su sa hannu har da mata, kuma lauyan ya zama naka ne kai ka biya shi, ba wanda dibelofan ya zo da shi a motarsa ba.